Hoton Kan Baba

A asibitin da take aiki Sista suke ce mata, duk da ba nas ba ce. A gida kuwa Mai Hoto ake kiran ta. Yayanta ne ya laƙaba mata sunan da wasa tun farkon kama aikinta, sai ya bi ta. Baba ne kaɗai bai taɓa kama sunan ba. Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Aikinta ɗaukar hoton cikin jikin mutum ne, da na'urar maganaɗisun nan da likitoci ke kira MRI. Ɗakin a ƙasan bene yake, ba shi da taga, kullum da sanyi kamar cikin firiji, saboda na'urar ba ta son zafi. Kafin marar lafiya ya shiga sai ta raba shi da duk wani ƙarfe: ɗan kunne, makulli, agogo, har fil ɗin mayafi. Sai ta kwantar da shi a kan siririn gado, ta toshe masa kunnuwa, ta tura shi cikin ramin na'urar, ita kuma ta koma bayan gilashi ta zauna gaban kwamfuta. Na'urar kan yi ta buge-buge kamar ana sassaƙa a kan mutum, kuma dole ya kwanta shiru, domin ƙaramin motsi yana ɓata hoton. Ba ita ke fassara hoton ba, wannan aikin likita ne. Amma wanda ya yi shekaru yana kallon ƙwaƙwalwar mutane daga safe zuwa yamma, idonsa kan saba, kuma ita ta yarda da idonta.

Baba mai aski ne. Shagonsa na bakin titi, tsakanin mai sayar da magani da mai facin taya. Kujera ɗaya ce a ciki mai juyawa, da babban madubi da ya tsage a kusurwa, da benci na masu jiran layi, waɗanda rabinsu ba aski ke kawo su ba, hira ce. Da wannan shagon ya yi wa 'ya'yansa biyu makaranta. Mutum ne mai barkwanci da hannu mai sanyi. Idan aka tambaye shi aikin 'yarsa sai ya ce, "Sana'armu ɗaya. Ni na san kan mutum ta waje, ita ta san shi ta ciki."

Ya haura sittin lokacin da abin ya fara. Mama ce ta fara lura. Yana shan shayi da safe sai hannunsa na dama ya zabura, gefen bakinsa ya karkace, kofin ya faɗi. Kafin ta ce wani abu har ya wuce, Baba yana kallon shayin a ƙasa yana tambayar wa ya zubar. Da farko jefi-jefi ne, daga baya ya zama sau da yawa a wuni. Sai mantuwa ta biyo baya. Zai ci abinci ya wanke hannu, jim kaɗan ya ce an bar shi da yunwa. Zai ajiye almakashi a aljihu ya ce Mama ta ɓoye masa. Mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba ya koma faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ranar da hankalin kowa ya tashi ita ce ranar da ya yanki Hedimasta. Hedimasta tsohon abokinsa ne, shugaban makaranta da ya yi ritaya, wanda tun suna samari Baba ke masa aski. Reza na hannun Baba yana gyara masa gefen kunne sai zaburar ta zo. Jini ya ɓata tawul. Hedimasta bai yi fushi ba, shi da kansa ya rako Baba gida, yana dafe da kunne da auduga, ya ce wa Mama, "Ni kunnena zai warke. Amma abokina ba lafiya yake ba, a duba shi."

Mai Hoto ce ta kai shi wurin likitan da ke ganin marasa lafiya na yau da kullum, likitan ya rubuta a yi hoton kai. Ta ce ba wanda zai ɗauki hoton ubanta sai ita.

Ranar layi ya yi tsawo, har da wata mata da aka gangaro da ita daga ɗakin kwanciya tana nishi. Baba ya shiga yana zolaya, ya miƙa mata makullin shago ya ce, "Riƙe da kyau, gādonki ne." Amma da gadon ya shige da shi ramin, na'urar ta fara bugawa, sai ya rikice. Kashi na farko ya fito lafiya. Ana cikin kashin da ya fi nuna kumburi sai zaburar ta zo masa, kansa ya motsa. Ta gani a allon kwamfuta, hoton ya yi dishi-dishi kamar an shafa masa yatsa.

Ta danna makirufo ta ce, "Baba, ka daure, saura kaɗan. Zan maimaita wannan."

Muryarsa ta fito daga cikin ramin, ƙarama, ba irin wadda ta sani ba. "Uwata, fito da ni. Don Allah fito da ni. Me na yi miki?"

Da wani ne da ta lallashe shi, ko ta kira likita a ba shi maganin kwantar da hankali, ko a sake sa masa wata rana. Haka take yi kullum. Ta duba hotunan da suka fito da kyau: babu ƙari, babu jini, babu alamar shanyewar jiki. Ta duba mai dishi-dishin, ta ce a ranta ai ana iya gani. Ta tuna matar da ke nishi a waje. Ta tashi ta fito da shi, ya riƙe hannunta kamar yaro.

Likitan da ke fassara hotuna ya rubuta cewa ba a ga wata matsala ba, sai dai motsi ya rage ingancin wani sashe. Likitan farko ya karanta, ya ce mai yiwuwa mantuwar tsufa ce ta zo da wuri, zaburar kuma a sa ido a gani.

Da yamma suka zauna a falo, ita da Mama da Yaya, wanda direban babbar mota ne, ba kasafai yake gari ba. Mama ta ce, "Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Tsufa a hankali yake zuwa. Wannan kamar an sauya min mutum ne cikin 'yan watanni."

Mai Hoto ta ce, "Mama, ni na ɗauki hoton nan da hannuna. Na gani da idona. Kansa garau yake. Tsufa ne, sai haƙuri."

Yaya ya ce, "To, tunda masu ganin cikin kai sun yi magana, mu direbobi me za mu ce?"

Ba ta ambaci sashen da ya yi dishi-dishi ba. Ba wai ta ɓoye da gangan ba ne, a lokacin ita kanta ba ta ɗauke shi komai ba.

Ita ce kuma ta yanke maganar shago. Ta ce mutum mai irin wannan hannu bai kamata ya riƙe reza a wuyan mutane ba, kuma a nan tana da gaskiya. Amma ba ta tsaya a rufe shagon na ɗan lokaci ba. Ta ce tunda ciwon ba na warkewa ba ne, a mayar wa mai ginin ɗakinsa. Kujerar da madubin aka ba wani mai aski a wata unguwa. Ba a daɗe ba wani mai gyaran waya ya kama wurin, ya yi masa sabon fenti.

Baba bai riƙe wannan labari ba. Kowace safiya sai ya sa riga, ya nemi makulli, ya ce ya makara. Idan Mama ta yi sakaci sai ya fice. Mai facin taya ne ke dawo da shi, ko Hedimasta. Wata Asabar da Mai Hoto ta zo gidan ta tarar ba ya nan, ta bi shi. Ta same shi tsaye a ƙofar shagon yana ce wa mai gyaran waya ya fita masa daga wuri, mutane sun fara taruwa. Ta gaji, ga aiki, ga nata gidan, ga kunyar idon jama'a. Ta kama hannunsa ta ja.

"Baba, sau nawa za a faɗa maka? Babu shago! An rufe! Kana sane kake wahalar da mu, ko so kake ka kashe Mama?"

Ya dube ta. Ana cikin haka hannun da ta riƙe ya zabura a cikin nata, bakinsa ya karkace, ya dawo daidai. Ya ce a hankali, "Yi haƙuri, baiwar Allah. 'Yata nake jira, ita ke riƙe da makullin."

Hedimasta da ke gefe ya ce, "Ke, sassauta murya. Ubanki ne." Ta saki hannun, Hedimasta ya kama shi suka tafi, tana biye da su a baya.

Haka aka shafe watanni. Sai wata rana da azahar Baba ya faɗi a tsakar gida, farfaɗiya ta kama shi, jikinsa duka yana karkarwa. Aka kai shi sashen gaggawa na asibitin da take aiki. Gwajin jini ya nuna gishirin jikinsa ya yi ƙasa sosai, aka kwantar da shi, aka kira likitar ƙwaƙwalwa.

Likitar mace ce mai matsakaicin shekaru, ba ta da yawan magana. Tana tsaye a bakin gado tana yi wa Mama tambayoyi sai zaburar ta zo wa Baba. Ta ja kujera ta zauna, ta jira har ta sake zuwa. Sannan ta ce, "Mama, tun yaushe yake wannan?"

"Tun bara, likita. Shi ne ma farkon abin. Mantuwar daga baya ta zo."

"Kuma da sauri ta zo?"

"Kamar an kashe fitila."

Likitar ta ce tana zargin wani ciwo da ba a cika gani ba. Garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar cuta, wani lokaci takan rikice ta juya kan ƙwaƙwalwar mai ita, ta sa ta kumburi. A wurin dattijai yakan fara da irin wannan zabura ta hannu da fuska, sai mantuwa, sai gishirin jini ya sauka. Ta ce, "Idan shi ne, yana da magani. An taɓa yi masa hoton kai?"

Mai Hoto ta ce, "An yi. Ni na ɗauka."

Suka sauka tare zuwa ɗakin ƙasa, ta buɗo tsohon hoton. Likitar ta bi shi a natse har ta iso sashen mai dishi-dishi. Ta sa yatsa a kan allon, a wani ɗan lungu can ciki, daidai saitin kunne. "Nan nake son gani, nan ne ma'ajiyar sabon tunani. Amma ya motsa. Ba a maimaita ba?"

"Ba a maimaita ba."

Likitar ta ce kawai a sake. Wannan karon abokin aikin Mai Hoto ne ya ɗauka, bayan an ba Baba maganin barci, ita kuma tana zaune a benci a waje tare da sauran masu jira. Hoton ya nuna lungun nan ya ɗan yi haske a ɓangare ɗaya, kuma ya fara motsewa. Likitar ta ce tana son ƙarin tabbaci kafin sakamakon jini da na ruwan ƙashin baya su dawo, domin waɗannan sai an aika da su nesa. Ta tura su wani babban asibiti a yi wani hoton daban, wanda ake kira PET.

Mai Hoto ta san shi a karatu, amma ba ta taɓa ganin an yi wa nata ba. Aka hana Baba abinci tun safe, aka yi masa allurar wani ruwan sukari mai alama da na'ura ke iya bin sawunsa, aka zaunar da shi a ɗaki mai duhu-duhu, aka ce kada a yi masa hira. Ma'aikacin wurin ya yi wa Yaya bayani cewa duk inda ƙwaƙwalwa ke aiki fiye da kima, kamar inda ake kumburi, ya fi zuƙar sukarin, sai ya fito da launi mai ƙarfi. Da ya ji Mai Hoto ma ma'aikaciyar asibiti ce sai ya bar ta ta leƙa allon. Ƙwaƙwalwar Baba ta fito shuɗi da kore da ɗorawa, amma lungunan nan biyu na saitin kunne ja wur, na hagu ya fi, kamar garwashi. Ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai nuna wurin da yatsa.

Yaya ya ce, "Wannan jan fa?"

Ta ce, "Shi ne ciwon."

"Dā can yana nan?"

Ta ce, "Ban sani ba, Yaya." Ta fita ta shiga banɗaki ta kulle ƙofa, ta daɗe a ciki.

Sakamakon jini ya dawo ya tabbatar da zargin likitar. Tun kafin nan an fara yi masa ƙarin ruwa da magani mai ƙarfi na kwantar da garkuwar jiki. Cikin 'yan kwanaki zaburar ta ragu, daga baya ta ɗauke gaba ɗaya. Mama ta miƙa masa kofi cike da ruwa, ya sha ya ajiye bai zubar ba, ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Faɗan ya tafi, barkwancin ya dawo. Ya gane kowa. Ya ce wa wani nas gashinsa ya yi kama da gonar da aka yi watsi da ita.

Amma mantuwar ba ta tafi duka ba. Tsofaffin abubuwa suna nan daram, har sunayen mutanen da ya yi wa aski tun yana saurayi. Sabon abu ne ba ya zama. Likitar ta ce sashen da ya riga ya motse ba ya dawowa.

Mai Hoto ta same ta a ofis, ta rufe ƙofa, ta ce, "Likita, ki gaya min gaskiya. Da na maimaita hoton nan, da an gani?"

Likitar ta ce, "Gaskiyar ita ce ban sani ba. Masu wannan ciwo da yawa hotonsu na farko ba ya nuna komai, ko da ya fito tas. Shi ya sa ba ma dogara da hoto shi kaɗai, muna sauraron labarin marar lafiya. Likitoci biyu sun ga takardar nan kafin ni, ba ke kaɗai ba ce."

"Amma da an fara magani a bara?"

Likitar ta ce, "Da ya fi haka."

Mai Hoto ta so a ce an yi mata faɗa. Ba wanda ya yi. Da ta gaya wa Yaya zancen sashen da ba ta maimaita ba, ya ce, "Ni da ko gari ba na zama, da wane baki zan zarge ki?" Mama ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Tausayinsa kika ji, ai ba mugunta ba ce." Sai bayan ta tashi tana tattara kwanuka ta ƙara da cewa, ba tare da ta juyo ba, "Na dai gaya miki ba tsufa ba ne." Wannan kaɗai ta faɗa, ba ta sake tayar da maganar ba.

Bayan an sallamo shi, wata rana da la'asar Mai Hoto ta same shi zaune a barandar gida, ta durƙusa a gabansa. Ta faɗa masa komai: hoton, da shagon, da tsawar da ta yi masa a bakin titi a gaban mutane. Ya saurara yana gyaɗa kai, da mamaki a fuskarsa, kamar labarin wasu ake ba shi.

"Ke kika yi min tsawa? Ke, Uwata?" Ya yi dariya. "Ban tuna ba. To na yafe, duniya da lahira. Tashi, ƙasa da sanyi." Can kuma ya ce, "Amma shagon, da kin bari na yi sallama da mutane."

Bayan kwana biyu ya tambaye ta ko an biya wa shagon kuɗin wuta. Ta sake yi masa bayani, ya sake jin zafin kamar yau aka rufe. Ta yi niyyar sake neman gafara, Mama ta ja ta gefe ta ce, "Ya isa. Duk lokacin da kika faɗa masa, ke kike samun sauƙi, shi kuma sabon ciwo ne." Daga nan ta daina. A hankali, da yawan maimaici, ya riƙe cewa ya yi ritaya, kuma ya fi son wannan kalmar, don ta sa shi sahu ɗaya da Hedimasta.

Mai Hoto tana nan a ɗakin ƙasa har yanzu. Abokan aikinta sun ce ta cika tsanani, layinta ya fi na kowa jinkiri, domin hoto ko kaɗan ya motsa sai ta sake, marar lafiya na kuka tana ba shi haƙuri tana sakewa. Idan 'yan uwan marar lafiya suka tare ta a ƙofa suka ce, "Sista, me kika gani?" takan ce likita zai yi musu bayani, ko da hoton ya yi mata kyau a ido. A gida ma ta daina yanke magana. Idan aka tambayi ra'ayinta sai ta ce a ji ta bakin Mama.

Duk bayan 'yan watanni takan ɗauki hutun rabin wuni ta kai Baba ganin likitar ƙwaƙwalwa. A zuwansu na baya-bayan nan akwai ɗalibai a ofishin, likitar ta nemi izininsa ta nuna musu hotunansa. Ya ce su kalla da kyau, ba kullum ake samun kai mai kyau irin nasa ba. Da jan hoton ya fito a allo, ɗaliban suka matso. Baba ya nuna 'yarsa da ke tsaye a bakin ƙofa riƙe da jakar magungunansa, ya ce, "Kun ga waccan? 'Yata ce. Ita ta gano ciwon nan. Da ba don ita ba da tuni an manta da ni."

Ɗaliban suka juyo suna murmushi. Likitar ta dube ta, ta mayar da ido kan allon, ta ci gaba da bayani. Mai Hoto ta buɗe baki, ta ga yadda fuskarsa ta cika da jin daɗi, ta rufe. Da suka fito ya ce yana jin yunwa, ta ce to su tsaya a hanya, ta riƙe masa hannu suka sauka daga matakala.